Injin da Aka Naɗa Don Wutar Gusau

A Jugu, cikin ƙasar Binin, na tabbatar Garba ba zai dawo ba. Da hantsi ya zaunar da ni a inuwar rumfar wani mai faci, ya karɓi ɗan guzurina da katin shaidata, ya ce zai je ya buga mana hatimin tsallaka iyaka. Aka kira azahar, aka kira la'asar, ina zaune ina kallon hanya. Mai facin ne ya gaji da ni, ya miƙo mini ruwa a kofin roba, ya ce, "Malam, in wani kake jira mai jar hula, tun ɗazu ya hau motar Paraku."

Garba mutumin Tsafe ne, garin su matata Hajo, shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina ba. Shi ya ce mini akwai wani attajirin goro a Kumasi da ke neman mai tsaron sito, amintacce, ɗan Zamfara. A lokacin an sallame mu daga kamfanin gurzar auduga a Gusau, ina zaune a Tudun Wada, a gidan da marigayi yayana direba ya bari. Gidan yana da gareji, amma motar ta riga mai ita tafiya, don haka awakin Hajo ne ke kwana a ciki. Hajo kuma tana da tsohon ciki, na farinmu. Da na je Nahuce sallama, mahaifina bai ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. Ya ce, "Lawali, ban hana ka tahiya ba. Amma kuɗɗi ƙarewa sukai. Ka komo da abin da za shi zaunar da kai gida."

Ga ni a Jugu, ba kuɗin, ba abin zaunarwar, sai jakar leda mai zanen gida-gida da kayan sawata kala biyu a ciki. Na yi tunanin juyawa. Kunya ta hana ni. Ina zan sa fuskata in shiga Tudun Wada bayan kwana huɗu, bayan an yi mini addu'a a masallacin unguwa?

Wani direban albasa ne ya cece ni, mutumin Galmi, ana ce masa Illa. Ya ji ina ba mai faci labari, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce in hau bayan motarsa, Kumasi za shi. Kwana uku na yi a kan buhunan albasa. Muka wuce Kara a ƙasar Togo, muka shiga Gana, muka kwana Tamale. A kowane shinge Illa yakan leƙo ya ce, "Yaron motata ne," ni da na girme shi da shekara biyar. Duk inda ya ci abinci sai ya raba kwanon biyu. Da muka sauka na rasa abin ba shi, sai na ce Allah ya saka, shi kuwa ya toshe hanci ya ce in Allah ya sa na samu sabulu in tuna da shi. Ban sake ganinsa ba. Har yau in Hajo tana yanka albasa sai na sa masa albarka.

A Kumasi na sauka a zango, a zauren wani dattijo da ke karɓar baƙi. Attajirin goro kam babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na shiga dako a kasuwa. Garin ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga abinci duk tsami da barkono, ga Hausar mutanen zango da ba ta san mace ba, kowa "ya" ne. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har ina jin ƙamshinsa a hanya. Wata rana aka ba ni dakon ƙarafa zuwa Suwame, unguwar makanikai da masu walda, inda ba ka jin komai sai guduma. Da na sauke kayan ban watsar ba, na jera su, dogo da dogo, gajere da gajere, kamar yadda muke jera kara in za a yi darni. Wani tsoho mai guntun gemu da tabon ƙuna a hannuwa ya tsaya yana kallona.

"Kai mutumin ina?"

"Zamfara."

"Zamfara, kana son aiki ko kana son dako?"

Shi ne Masta Seidu. Daga ranar ba wanda ya sake kirana Lawali a Suwame.

A satin farko na yi wautar da kowane sabon shiga yake yi. Masta ya ce kada in kalli wutar walda sai ta baƙin gilashi. Ni kuwa na ga ai mu da muka saba da ranar ƙasarmu ta Bungudu, wace wuta ce za ta ba mu tsoro. Na ƙura mata ido yini guda. Washegari na tashi idanuna kamar an cika su da yashi, ba sa buɗuwa, hawaye kawai. Na lallaɓa bango har shago, na zauna a ƙasa ina kuka da gaske, ina cewa shi ke nan na makance ban ga abin da Hajo ta haifa ba. Akwai wata Ba'asantiya mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, a bakin shagon, Mame Adwowa, ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu. Ta kama kaina ta kwantar a cinyarta kamar ɗan goye, ta ɗiga mini madarar gwangwani, ta rufe da tsumma mai sanyi, tana ta faɗa da yarensu. Ban san abin da take cewa ba, amma na san faɗan uwa in na ji shi. Kwana biyu ido ya washe. Masta kuwa gilashin kawai ya rataya mini a wuya da igiya.

Wajen wata shida da zuwana, wani ɗan goro ya kawo mini kaset daga gida. Masta ya karɓa ya ɗaga sama ya ce, "Zamfara, matarka ya aiko!" Muka sa a rediyon shago. Aka fara jin kukan akuya, sannan muryar Hajo: "Salamu alaikum, Baban Balki." Na tsayar da kaset ɗin. Na mayar baya. Na sake ji. Haka na san mace aka haifa mini, haka na san sunanta, haka kuma na ji sunan da Hajo za ta riƙa kirana da shi har tsufa. Ta ce suna lafiya, Baba yana aiko da hatsi, garmarsa ta sake karyewa an ɗaure da waya. Ta ce, "Ɗiyar ga goshinka ta ɗauko, Allah shi sa ba da taurin kan ba." Wannan kaset sai da na ji shi har zarensa ya tsinke na liƙa da gam. Duk wanda ke shagon ya haddace shi.

To, ana nan sai rediyo ya faɗi cewa an ba mu jiha, Gusau ce babban birni. Ranar ban yi aikin kirki ba. Na saya wa kowa dokunu. Daga nan ne kuma bakina ya fi ƙarfina. Ku da ba ku taɓa zaman baƙunci ba, ba za ku gane ba. In kana garin mutane, kowa na ganinka ɗan dako, garinku ne kaɗai rigar da ta rage maka. Sai na shiga yi wa Gusau ado. Na ce titunanmu sun fi na Kumasi faɗi. Na ce kogin Bungudu ba ya ƙafewa. Wani makanike ya tambaye ni, "Kuna da lantarki kuwa a can?" Na ce, "Lantarki? Babban birnin jiha guda? Mu wutarmu in ta zo sai ka sa hannu ka kare ido. Ba ta ɗaukewa." Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau goma, har ni kaina na fara ganin Tudun Wada tana walƙiya.

Hannuna kuwa ya faɗa. Na iya ƙofa, na iya taga, na iya gadon ƙarfe, na iya toshe tankin ruwa ba ya yoyo. Sai maganar Baba ta dawo mini. Na tuna garejinmu. Na tuna manoman Nahuce da Karakkai da ke ɗora karyayyar garma a mota su yini a Gusau suna jiran layi. Na ce wa Masta ina so in koma gida kafin damina, kuma da injin walda nawa na kaina. Abin da nake samu dama a hannunsa nake ajiyewa. Ya ce ya isa inji ɗaya, ba zai isa biyu ba, don haka in buɗe ido.

Ido kam na riga na buɗe, har ya faɗa kan abin da yake so. A shagon wani mai sayar da injunan da aka yi amfani da su a Turai, akwai wani ja mai tayoyi biyu, da fanka a ciki, da agogo mai allura, da mariƙi kamar na keke. Kullum bayan la'asar sai na bi ta wajen, in shafa shi, in tafi. Makanikai suka fara ce mini, "Zamfara, ya amarya?" Ina hango ranar da zan turo shi cikin Tudun Wada mutane na leƙowa.

Ranar da za a saya, Masta ya ce tare za mu. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa, ya sa aka jona, ya ja layi ɗaya a kan ƙarfe. Layin ya fito sumul kamar ɗinkin keke. Ya ce, "Inji mai kyau ne. Ba shi da laifi." Sannan ya zauna a kan wani tsohon batir ya ce in matso.

"Zamfara, ba a zaɓen inji a shago. A gida ake zaɓensa. Tambaya uku zan yi maka. Me za ka riƙa ɗinkewa?"

Na ce garma, amalanke, ƙofa, murhu, ƙafar gado.

"To ba ka bukatar babban tsinken walda, siriri ya ishe ka. In ya lalace, wa zai gyara maka?"

Na ce ni.

"To. Na uku. Da yamma, in kowa ya kunna kayansa, ƙwan ɗakinka wane launi yake?"

Ya ce wannan jan injin cikakkiyar wuta yake ci. In ya samu, babu kamarsa. In wuta ta yi rauni, tsinke zai riƙa mannewa a ƙarfe, ba zai kama ba, injin ya yi ta gurnani har ya ƙone. "Amma kai ba ruwanka," in ji shi, "tun da wutarku sai an kare ido. In haka ne, mu biya mu tafi."

Mai shago ya riga ya ɗauko takarda. Makanikai biyu da suka biyo mu suna tsaye. Wallahi na buɗe baki zan ce a biya. Wata bakwai ina gina wannan ƙarya, ga shi za a rushe ta a gaban mutanen da na saya wa dokunu. Sai na ga garejin nan, na ga jan inji a kusurwa awaki na hawa kansa, na ga kaina na sake ɗaukar jakar leda na nufi Legas ko wani wuri, Balki ta yi wayo ba ta san ni ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na zo ƙarshensa.

Na ce, "Masta, ja ne."

"Me?"

"Ƙwan. Ja yake zama, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Hajo takan kunna fitilar ƙwai ta duba ko an kawo wutar. Wani lokacin kwana uku ba a kawo ba."

Makanikan suka fashe da dariya, ɗaya har da zama a ƙasa. Na ji kamar in nutse. Masta bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ba mai shago haƙuri, ya ce mu koma.

A bayan shagonsa ya yaye wani buhu. A ƙarƙashi akwai wani abu mai kama da akurkin kaji: katako huɗu, a tsakiya an jera fallayen ƙarfe, an naɗe su da jar waya, an raba da kwali da tsumma. Ba fenti, ba taya, ba agogo. An kusa gamawa, saura naɗi kaɗan. A gefe an fito da bakin waya uku, kowanne da ƙusa.

"Wannan na cikakkiyar wuta," ya taɓa na farko. "Wannan na rabi. Wannan na uku," ya dube ni, "na wutar Gusau."

Na ce, "Masta, yaushe ka fara wannan?"

"Wata biyu."

"To ai yau na faɗa maka."

Ya ce, "Zamfara, ɗakin da kake kwana akwai lantarki. Amma kullum kafin magariba sai ka goge gilashin fitila, ka gyara lagwani, ka taɓa aljihu ka ji ashana. Wanda ya tashi a wuta ba ya haka. Kuma kaset ɗin matarka, wajen da ya ce goshinka, me ake ihu a waje?"

Sau ɗari na ji kaset ɗin, muryar Hajo kawai nake bi. Ashe a daidai wurin, can nesa, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya: an kawo wuta, an kawo wuta.

"Garin da ake yi wa wuta guɗa," in ji Masta, "ba kullum yake ganinsa ba."

Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba tun farko, me ya sa ya bari har muka je gaban jan inji. Ya ce da na zaɓi ja, da ya bar ni na saya, don inji na mai shi ne. "Amma mai walda da zai yi wa ƙarfe ƙarya, ɗinkinsa ba ya riƙewa. Na so in ji da bakinka." Sauran naɗin ni ya sa na ƙarasa da hannuna, yana tsaye yana ƙirga zagaye, don in ya ƙone wata rana in san cikinsa. Ranar tafiya Mame Adwowa ta cusa mini ƙullin dokunu a jaka, ta ja kunnena ta nuna idona. Masta ya ce, "Ka gaida matarka. Ka ce ya yi haƙuri." Na juya da sauri don kada ya ga fuskata.

Injin ya yi nauyin buhun gero da rabi. Mota biyar na canza da shi. A kowace iyaka sai an sa na kwance buhun, su leƙa, su yi dariya. Wani ma'aikaci ya ce, "Wannan inji ne ko tarkon gafiya?" ya ce in ɗauke shi daga gabansa. A gabana aka sauke wa wani ɗan kasuwa sabon janareto aka shiga da shi ofis. Muninsa ne ya kawo shi gida. A Jugu na nemi mai faci na ba shi dokunu ɗaya.

Na iso Tudun Wada ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Balki ta gan ni ta tsala ihu ta ɓuya a zanen uwarta. Maƙwabta suka zo ganin abin da na kawo daga Gana, suka ga akurki, suka yi mini barka da zuwa da murya irin ta ta'aziyya. Hajo ta kori awaki zuwa bayan ɗaki, ta share gareji. Amma na lura da abu ɗaya. Jakar ledata tana nan a bakin ƙofar ɗaki yadda na ajiye ta, a rufe. Ta ciro dokunun, ta mayar da zif.

Na ce, "Ba za ki kwance kayan ba?"

Ta ce, "Bari dai mu gani, Baban Balki."

Kwana huɗu ba a kawo wuta ba. A rana ta uku Baba ya iso daga Nahuce da garmarsa a bayan a-kori-kura, bakinta a ɗaure da waya. Ya dubi injin ya daɗe. Ya ce, "Shi ne wanga?" Na ce shi ne. Ya ce, "To," ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gareji. Kwana biyu ya yi, bai koma ba.

Rana ta biyar, bayan la'asar, unguwa ta ɗauki ihu. Na ɗaga kai na dubi ƙwan gareji. Ja ne, ja sosai, kana iya ƙirga zaren cikinsa. Na ɗaura waya a baki na uku. Na ce wa Baba ya juya baya, na ce Hajo ta shige da yarinya. Na sa siririn tsinke, na sauke gilashi, na yi bisimilla, na ƙyasta.

Ya manne. Na fizge, na sake. Ya sake mannewa. Na ji Baba ya yi gyaran murya. A na uku na ja shi a hankali kamar ashana, yadda Masta ya koya mini, sai shuɗiyar wuta ta tashi, ta tsaya, ta shiga yin ƙarar nan kamar ana suya. Na bi tsagar garmar tun daga sama har ƙasa ban ɗaga hannu ba. Daga can gidan maƙwabta wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Wa ad da wannan aiki? Ƙwanmu ya mutu!"

Da ya huce na kakkaɓe ƙwanson da walda ta bari da guduma. Baba ya karɓi gudumar ya doki wurin da ƙarfinsa, sau uku. Ya shafa da babban yatsa. Bai dube ni ba, ya ce, "Akwai ta Malam Umaru, da amalanken mutanen Karakkai. Jibi in aiko su?"

Na ce ya aiko.

Na shiga cikin gida in wanke hannu. Kayana kala biyu suna kan igiya, an jiƙa su, suna ɗiga. Hajo tana tsugune a bayan ɗaki, Balki a bayanta, ta buɗe bakin jakar ledar nan da ta je Kumasi ta dawo, tana juye dusar awaki a ciki.

Na ce, "Hajo, jakar tafiyata ce fa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Miƙo min wancan kwanon, da saura."